Yadda Na Kwance Giyar Tsohuwar A-kori-kurata Na Mayar

Da sanyin safiya abin ya fara. In na tayar da mota na ja sandar giya zuwa D, sai ta yi biris da ni. Inji na ta kuka, taya ko motsi. Sai na ƙirga goma, wata rana ashirin, kafin in ji wani ɗan ƙwas daga ƙarƙashi ta yunƙura. In ta ɗumama kuma lafiya lau, har in manta. Wata shida ina yaudarar kaina da cewa tsufa ne, kowane tsoho yana da nauyin jiki da safe. Ranar da na bar yaudarar ita ce ranar da ta zo shiga giya ta uku a kan hanya, inji ya yi sama da murya, mota kuwa ba ta ƙara gudu ba. Na tsaya na zaro sandar awon mai. Man da ya kamata ya zama ja garau ya koma ruwan ƙasa, yana warin ƙuna.

Motar Chevrolet C10 ce ta 1972, inji mai silinda 8, lita 5.7. Giyarta otomatik ce, mai suna Turbo-Hydramatic 350, wadda kamfanin General Motors ya fito da ita a 1969 don ta gaji Powerglide mai giya biyu. Giya uku gare ta na gaba: ta ɗaya 2.52, ta biyu 1.52, ta uku kuma 1.00, wato inji ya juya sau ɗaya, farfela ta juya sau ɗaya. Babu kwamfuta a jikinta ko ta kwabo. Duk tunanin da take yi da matsin mai take yin sa, da zuƙar iskar inji, da wata waya guda da ke tafe daga kafireto. Wannan ne ya ba ni ƙarfin hali. Na ce abin da aka ƙera shi da ƙarfe da roba da mai, ai mai ido da haƙuri zai iya bin sawunsa. Ni ba bakanike ba ne. Iyakacina canjin birki da wanke kafireto. Na sayi littafin gyaran giyar, na karanta shi sau biyu ban fahimci rabinsa ba, na sayi kwalin kayan gyara, na share wuri a gareji.

Sauke ta aikin ƙarfi ne da ƙazanta, ba ilmi mai yawa a ciki. Na cire batir, na ɗaga motar na ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe guda huɗu, don ba a shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai. Na yi wa farfela alama na cire ta. Kwanon man da ke ƙasan giyar noti 13 gare shi, kuma ba shi da ramin tsiyaya, saboda haka dole a sassauta gefe ɗaya a bar mai ya zubo ta inda ya ga dama. Ya ga damar bin hannuna har hamata. Daga nan sai bututun mai guda biyu masu zuwa lagireto, wayar agogon gudu, wayar kafireto, tiyon iska, sandar giya, notuna uku da suka haɗa konbata (tulun man da ke miƙa ƙarfin inji ga giyar) da farantin inji, da notuna shida da suka riƙe giyar a bayan inji. Biyu na sama sai da na haɗa sandunan sifana tsawon hannuna kafin na kai gare su. Ƙanena ya riƙe jak, ni ina kwance. Nauyinta ya kai kilo 55 ba tare da konbata ba, kuma ba ta da wurin kamawa mai daɗi. "Yaya, in ta faɗo maka ba ruwana," abin da yake ta maimaitawa ke nan har muka dire ta.

Kafin in taɓa noti ko ɗaya na cikinta sai da na wanke bayanta tas. Wannan shawarar wani dattijo ce, tsohon bakanike da ya ajiye aiki, wanda nake kira in na rasa hanya. Ya ce, "Ɗana, giya otomatik ba ƙarfi ke kashe ta ba, tsakuwa ɗaya ce." A lokacin na ɗauka irin maganar manya ce. Sai da na buɗe allon bawul na gane abin da yake nufi.

Allon bawul shi ne ƙwaƙwalwar giyar. Wani ƙarfe ne mai nauyi da ke maƙale a ƙasa, cikin kwanon mai, an sassaƙa masa hanyoyi masu lanƙwasa kamar gidan tururuwa. A cikin ramukansa akwai bawuloli masu santsi da sifirin a bayansu, tsakaninsu da bangon rami ko gashi ba zai wuce ba. Tsakanin allon da jikin giyar akwai wani siririn faranti mai huje-huje, a bayansa kuma wasu 'yan harsasai guda huɗu, kamar na ƙafar keke, kowanne zaune a gurbinsa. Ba abin da ya riƙe su sai farantin. Da giyar na kife yadda take a mota aka cire shi, sai su watse a ƙasa, ka shiga neman inda kowanne ya fito. Na juya ta ciki a sama, na ɗaga farantin a hankali, na ɗauki hoto daga kusurwa uku kafin na tsince su da maganaɗisu. Hotuna sun fi ɗari biyu a wayata zuwa ƙarshen aikin, kuma ba wanda na yi da-na-sanin ɗauka.

Akwai awon da ake yi tun ba a fitar da famfon mai da ke bakin giyar ba, wanda mai gaggawa yakan tsallake: wasan sandar gaba, wadda ke karɓar juyin inji daga konbata. Ana kafa agogon awo a bakin sandar, a tura ta ciki, a jawo ta waje, a ga iyakar tafiyarta. Littafi ya ba da tsakanin inci 0.010 da 0.044. Tawa ta zarce. Wannan ya gaya mini tun da wuri cewa washoshin ciki sun cinye, kuma zan buƙaci mai kauri a wajen mayarwa.

Famfo noti takwas gare shi, amma ko an kwance su ba ya fitowa, domin wata robar zobe ta riƙe shi shekara da shekaru. Biyu daga ramukan an yi musu zare musamman don a ɗaura guduma mai zamewa a fizgo shi. Ni dogayen notuna biyu na ɗaura, na rataya sarƙa, na yi ta fizga har ya saki. Daga nan kaya suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina jera su kan dogon tebur daga hagu zuwa dama, kowanne da fuskar da ya fito da ita: kulocin giya ta biyu, ɗamarar ƙarfe, gangar kulocin giya ta uku, gangar kulocin gaba da sandarta, sai giyoyin nan masu haƙora da ake kwatantawa da rana da taurarin da ke kewaya ta. Can ƙurya akwai kulocin ribas. Wani ɗan lanƙwasasshen sifirin ya faɗo daga gefen madogarar tsakiya, na yi minti ashirin ina juya shi ban san ko na mene ne ba. Ashe aikinsa hana madogarar bugun jikin giyar. Na sa shi a leda na rubuta.

A nan ne littafin da ya gagare ni ya fara magana. Kuloci huɗu ne a ciki, kuma kowace giya haɗin wasu ne daga cikinsu. Kulocin gaba yana kame a duk tafiyar gaba. In na biyu ya shigo, an shiga giya ta biyu. In na uku ya kama, komai ya dunƙule ya juya tare. Ribas kuma na ukun ne da na can ƙurya. Da na fahimci haka sai ciwon motata ya bayyana da kansa. Jinkirin safe na kulocin gaba ne, zamewar kan hanya ta na uku ce.

Na buɗe gangar na ukun da abin matse sifirin da na haɗa da kaina: dogon ƙarfe mai zare, noti biyu, da guntun ƙarfe da na lanƙwasa. Faya-fayan kulocin sun yi baƙi ƙirin, wasu fatarsu ta kankare har ƙarfe ya fito, na ƙarfen da ke tsakaninsu kuma sun yi tabon shuɗi saboda zafi. Wannan na zata. Abin da ban zata ba shi ne sil ɗin da ke kewaye da fistin. Roba ce mai leɓe, wadda ya kamata ta yi laushi, matsin mai ya buɗe leɓen ya manne da bangon ganga. Na sa tsinke zan ciro ta, ta karye gida uku kamar busasshen kara. Na kulocin gaba ma haka. To ga dukan labarin: roba ta bushe, mai yana sulalewa ta gefenta, fistin ba ya matse faya-fayai da ƙarfin da ya kamata, suna zamewa, suna zafi, suna ƙonewa. Da safe robar ta fi tauri, shi ya sa sai ta ɗumama take kamawa. Ɗan hakin da ka raina. Giyoyin ƙarfe kuwa, masu shekara sama da hamsin, haƙoransu na ƙyalli kamar jiya aka yanka su.

Mako na biyu kusan duk wanki ne, kuma shi ne mafi gajiyarwa. Ana wanke kowane ƙarfe da man wanki, a busar da iskar kwamfireso. Ba a goge da tsumma, don zaren tsumma ɗaya yana iya maƙale bawul. Allon bawul na ware masa yini guda. Na samo kwali na naɗe shi layi-layi, kowane rami da layinsa, bawul da sifirin na kwance a jere yadda suka fito. Gwajin mai sauƙi ne: bawul mai tsabta, a bushe, ya kamata ya zame cikin raminsa da nauyin kansa in ka karkata allon. Guda ɗaya ya ƙi. Na duba na ga wani ɗan ƙurji a gefensa, na shafe shi da lallausan dutsen wasa, a kwance, ba tare da na kashe kaifin bakinsa ba, don kaifin nan shi ke share datti. Sai ya zame.

A gefen dama na giyar akwai wani murfi mai zagaye, a bayansa fistin da sifirin masu sassauta shigar giya ta biyu. Sifirin ɗin na same shi a karye biyu. A ɗaya gefen kuma akwai abin da ake kira gwamna, suna ne da ya dace da shi: yana juyawa tare da sandar baya, nauyinsa na buɗewa gwargwadon gudun mota, shi ke gaya wa allon bawul lokacin canji ya yi. Giyarsa ta roba ce, na duba haƙoranta, lafiya. Bushin-bushin na canza su, ban da guda biyu da na auna na ga ba su ci ba. Na jikin famfo, inda wuyan konbata ke juyawa, shi ne wanda ba a yi masa rowa, don in ya ci sil ɗin gaba ba zai daɗe ba. Konbata kuwa a walde take, ba a buɗe ta a gida, kuma duk tokar kulocin da ya ƙone tana cikinta. Na sayi wata. Bututun lagireto na wanke su gaba da baya har abin da ke fitowa ya zama fari.

Sababbin faya-fayan kuloci na jiƙa su cikin man giya, Dexron, na rabin awa kafin sawa. In aka sa su a bushe, kamun farko zai ƙone su. Washoshi da harsasai kuma da man basilin ake manna su a gurbinsu, domin yana narkewa ya bi mai. Giris ɗin taya ba ya narkewa, toshe hanya yake yi.

Sai mayar da fistin cikin ganga, inda na sha wuya. Na kulocin giya ta uku sil uku gare shi. Biyu a jikin fistin, leɓensu na kallon ƙasa, ɗaya a jikin gangar, leɓensa na kallon sama. Na tsakiyar ya raba bayan fistin ɗaki biyu: a giya ta uku ɗaki ɗaya ake cikawa da mai, a ribas duka biyun, don ribas ta fi buƙatar ƙarfin kamu. Matsalar ita ce leɓen ya fi bakin gangar faɗi, kuma ta gefen da yake buɗewa ake tura shi. Dole a bi shi da siririn ƙarfen awo, ana lallaɓa shi ciki kaɗan-kaɗan ana juya fistin. Na yi fistin farko cikin minti arba'in. Na biyun, na giya ta uku, dare ya yi, na gaji, saura ɗan taƙi ya shiga, sai na danna da tafin hannu. Ya shige, na ji daɗi, na mayar da sifirin da faya-fayai da zoben kulle, na tafi na kwanta.

Washegari na yi gwajin iska. Ana ɗora gangar a kan wuyan famfo, a hura iska kaɗan ta ramin man kulocin. In komai daidai ne za ka ji tim, fistin ya matse, in ka saki ya koma. Kulocin gaba ya ce tim. Na ukun ya ce fuuu. Na sake hurawa, fuuu. Na zauna kan bokiti ina kallonsa, zuciyata na ba ni shawarar banza: iska ai ta fi mai sirantaka, wataƙila da mai zai riƙe. Na kira dattijon don ya taya ni yarda da wannan ƙaryar.

"Baba, yana ɗan huci kaɗan. Ko in bar shi?"

"Kana so ka sake sauke ta ke nan. Buɗe."

Na buɗe. Leɓen sil ɗin waje ya naɗe, bakin ganga ya yanke shi tsawon farce. Da na rufe a haka, da na sami kuloci mai sulalar da mai ta gefen sil, wato ciwon da na fara da shi, bayan wahalar mako biyu. Kwalin gyaran sil ɗaya ya zo da shi na wannan wurin, don haka na jira kwana huɗu kafin wani ya iso. Sauri ya haifi nawa. Wannan karon na sa fistin da sil ɗinsa cikin firiji na ɗan lokaci, na shafe komai da mai, na yi aikin da safe ido na buɗe. Tim.

Mayar da kaya cikin jiki kuwa, na tsayar da giyar baki a sama, na huda tebur sandar baya ta leƙa ƙasa. Abin lura ɗaya ne a kowane mataki: ganga ba ta zauna ba sai haƙoran cibiyarta sun ratsa kowane faifai. Kana juyawa kana girgizawa, kana jin tana faɗawa mataki-mataki, har ka ji ƙarfe ya taɓa washa. In faifai ɗaya ya rage, famfo ba zai zauna ba, kuma wanda ya jawo shi da ƙarfin noti ya fasa wani abu. Na ɗaura famfo, ina ɗaurewa ina juya sandar gaba da hannu don in tabbata ba ta cije ba. Na sake kafa agogon awo. Da sabuwar washa mai kauri, wasan ya dawo tsakiyar abin da littafi ya ce. Harsasai huɗu suka koma gurbinsu, na ƙirga su da baki kamar mai biyan bashi. Notunan allon bawul ba a ɗaure su da zuciya. Awon ƙarfin ɗaurinsu inci-fam 130 ne, daga tsakiya zuwa waje, don in aka matse da yawa allon na iya karkacewa bawul ya maƙale.

Konbata na zuba mata kusan lita ɗaya na mai, na ɗora ta ina juyawa. Sau uku take faɗawa: haƙoran sandar gaba, haƙoran wuyan famfo, sannan kunnuwan giyar famfo. Na ji biyu, na ukun ya ƙi. Bayan darasin sil, ban danna ba. Na yi ta juyawa ina ɗan ɗaga ta, har ta yi ƙwal ta shige. Da muka ɗaura giyar a bayan inji, na sa hannu na juya konbata, tana juyawa sakayau, da ɗan rata tsakaninta da farantin inji wanda notuna uku za su jawo. Wannan ratar ita ce shaidar cewa famfo ya tsira.

Gaba ɗaya tana shan kusan lita 10. Na zuba huɗu, na tayar da inji, na ci gaba da ƙarawa ina dubawa, ƙafar ƙanena a kan birki yana bi da sandar giya gida-gida. Ya sa R, motar ta ɗan zauna baya nan take. Ya sa D, ko ɗaya ban kai ga ƙirgawa ba ta kama. Muka sauke ta daga ƙafafun ƙarfe, na fita da ita.

Ba ta canza giya ba. Inji na ta hawa, tana nan a ta ɗaya. Sai da gudu ya yi nisa sannan ta shiga ta biyu da wani irin duka da ya sa kan ƙanena ya bugi gilashin baya. Ya dube ni, "Yaya, haka sabuwa take yi?" Ban amsa ba. Cikina ya ɗuri ruwa, ina ta lissafin bawul ɗin da na juya, ko harsashin da na sa a gurbin wani. Na juyo gida a hankali, na shimfiɗa kwali, na shiga ƙarƙashi da tocila da niyyar sake kwance kwanon mai.

A bayan giyar ta dama akwai wani ɗan gwangwani, modileta. Shi ke jin zuƙar iskar inji. In zuƙar ta yi yawa, ya san ƙafarka ba ta nauyi a kan totur, sai ya sa a canza giya da wuri cikin laushi. In zuƙar ta ragu, ya ɗauka ka take totur har ƙasa, sai ya ƙara matsi ya jinkirta canji. Tiyonsa na can yana lilo a gefe, ban mayar ba. Giyar tana aikinta daidai, ni ne na gaya mata ina tsere. Na cusa tiyon, na ɗaure shi da ɗan maƙali, muka sake fita. Ta ɗaya zuwa ta biyu ta shige tun ban bar layinmu ba, ta ukun kuwa a allurar inji na gan ta kafin in ji ta a jikina.

Da muka dawo na bar ta tana aiki a fili mai daidai, na zaro sandar awo. Mai ja, saura kaɗan ya kai alama, na ƙara rabin lita. Na shimfiɗa sabon kwali a ƙarƙashinta na kwana. Da safe ɗigo biyu na samu, daidai bakin wayar agogon gudu, inda na sake amfani da tsohuwar robar zobe don sabuwar ta ɓace mini a cikin leda. Na same ta daga baya a aljihun rigar aiki.